Annobar Da Ke Kwashe Jatan Lande A Gonakin Ruwa

Jatan landen da akasarin mutanen Nijeriya suka sani shi ne ɗan ƙanƙanen nan busasshe da ake kawowa daga bakin teku, musamman daga wajajen Oron ta Jihar Akwa Ibom, ana auna shi da gwangwani a kasuwa, a daka a zuba a miya. Wannan duk kamo shi ake yi daga ruwa. Amma a ƙasashen Asiya da na Amurka ta Kudu akwai manyan jatan lande, wani ya kai tsawon tafin hannu, waɗanda ake kiwo a tafkunan da aka haƙa a gaɓar teku, kamar dai yadda ake kiwon tarwaɗa a nan gida. Sana'a ce babba ƙwarai. A shekarar 2020 kaɗai, nau'in nan guda da ake kira mai farar ƙafa an girbe fiye da tan miliyan 5 nasa a duniya, miliyoyin mutane kuwa da shi suke ci, da shi suke sha, tun daga mai tafki har zuwa matan da ke ɓare shi a masana'anta.

Sai dai sana'ar tana da wani babban abokin gaba, watau cuta. Tun daga 1988 zuwa yau da wuya a yi shekara goma ba a sami wata annoba da ta durƙusar da wata ƙasa ba. Abin lura kuma shi ne, kusan duk inda aka bi sawun annobar sai a tarar a hannun mutum ta yi tafiya: ko a cikin buhun leda na 'ya'yan jatan lande, ko a jikin iyayen da aka ɗauko a jirgin sama, ko a cikin kwalin daskararren kaya.

Yadda kiwon yake

Wani masani Bajapane, Motosaku Fujinaga, shi ya fara gano yadda za a sa jatan lande ya yi ƙwai a tanki a kuma reni 'ya'yan, tun cikin shekarun 1930. A 1968 kuma I-Chiu Liao na Taiwan ya yi nasarar yin haka da babban nau'in nan baƙi mai ratsi-ratsi. Daga nan ƙofa ta buɗe. Uwa guda takan zuba ƙwai 100,000 ko fiye a dare ɗaya. A gidan ƙyanƙyasa ake renon 'ya'yan na 'yan makonni, sa'an nan a sayar wa masu tafki, su kuma su zuba su a ruwa mai ɗan gishiri-gishiri, su yi ta ciyar da su wata uku ko huɗu ko biyar kafin girbi.

To, a nan ne matsalar take farawa. Mai tafki yana son riba, saboda haka sai ya cusa 'ya'ya masu yawan gaske a ɗan wuri, yana zuba abinci safe da yamma, injin kaɗa ruwa na ta aiki dare da rana don kada iska ta ƙare musu. Ragowar abinci da kashinsu suna taruwa a gindin tafki su zama baƙin laka. Ruwan da wannan ya zubar shi maƙwabcinsa zai jawo, domin galibi mashigi ɗaya suke sha. Shi kuma jatan lande yana da wata mummunar ɗabi'a: idan ɗan'uwansa ya raunana ko ya mutu, sai sauran su taru su cinye shi. Watau dai gawa ɗaya ta isa ta raba cuta ga ɗaruruwa. Tsuntsaye ma sukan tsinci matattun su yar da su a tafkin gaba, ƙaguwa kuma ta rarrafa ta tsallake ganuwa da cutar a jikinta.

Akwai kuma wani abu game da halittarsa. Jikin mutum, da na saniya, da na kaza, har ma da na kifi, idan cuta ta shiga yakan ƙera sinadaran yaƙi na musamman, ya kuma riƙe kamannin cutar don gaba. A kan wannan ne allurar rigakafi ta dogara. Jatan lande ba shi da irin wannan baiwa. Yana da kariya ta halitta, amma ba ya ƙera waɗannan sinadarai, don haka rigakafin da ake yi wa kaji ko shanu ba ya yiwuwa a kansa. Ko da ma yana yiwuwa, wa zai kama dabbobi rabin miliyan a tafki ya yi wa kowanne allura?

Taiwan ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. A 1987 ita ce kan gaba wajen kiwon baƙin mai ratsi, amma a 1988 abin da ta samu bai kai rabin na bara ba. Masana sun ɗora laifin a kan taron abubuwa: ƙwayar cutar bairos, da bakteriya, da cunkoso, da gurɓacewar ruwa, da yawan zuba magunguna barkatai a gidajen ƙyanƙyasa. Daga nan jagorancin sana'ar ya fita daga hannunta, bai kuma dawo ba. A wajen 1990 sai ga wata a Tailan, wadda ake kira cutar rawayan kai. Ita wannan yaudara gare ta, domin da farko jatan lande zai yi ta cin abinci fiye da ƙima har mai tafki ya yi murna, can sai ya daina ci ɗungum, kansa ya yi rawaya, cikin kwana uku zuwa biyar tafki ya mutu.

Farin tabo

Duk cikin cututtukan nan babu wadda ta yi ɓarna irin ta farin tabo. An fara ganinta a 1992 a Taiwan da kudancin ƙasar Sin. Sunan ya samo asali ne daga wasu fararen ɗigo-ɗigo, kamar an yayyafa gishiri, da ke fitowa a cikin ɓawon kai. Jatan landen yakan daina ci, jikinsa ya yi ja-ja, ya riƙa yawo a gefen tafki a kasalance, sa'an nan mutuwa ta fara. Daga ganin alama ta farko zuwa ƙarewar tafki ƙaf, kwana uku ne zuwa goma. Mutumin da ya ci bashi ya sayi 'ya'ya, ya yi wata biyu yana zuba abinci, yana iya wayar gari ya tarar da tsuntsaye sun yi dafifi a kan ruwansa, wannan kuwa ita ce sanarwar da kowane mai tafki ke tsoro.

A 1993 annobar ta afka wa gonakin Sin, inda girbin da ya haura tan 200,000 ya faɗi ƙasa da rabi cikin shekara guda. A wannan shekarar ta shiga Japan ta hanyar 'ya'yan da aka sayo daga Sin. Kafin a ankara ta game Tailan, da Indiya, da Indunusiya, da sauran ƙasashen yankin. A 1995 aka gan ta a Jihar Texas ta Amurka, watau ta tsallake tekun Fasifik. Jatan lande ba ya iya iyon wannan tazara. Masu bincike suka gwada daskararren jatan lande da ake shigowa da shi daga Asiya don sayarwa a kantuna, suka tarar ƙwayar cutar tana nan da ranta, ƙanƙara ba ta kashe ta ba, har idan aka ba mai lafiya ya ci sai ya kamu.

A 1999 ta isa Amurka ta Tsakiya, daga can ta gangara Ekwado. Ita Ekwado tun ƙarshen shekarun 1960 take wannan kiwo, kuma jatan lande na cikin manyan kayan da take samun kuɗin waje da su, tare da man fetur da ayaba. Tsakanin 1998 da 2000 abin da take fitarwa ya ragu da kimanin kashi biyu cikin uku. Gidajen ƙyanƙyasa da masana'antun ɓara suka rufe da yawa, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, ga shi kuma lokacin ƙasar tana fama da rushewar bankuna.

Abin da ya sa farin tabo ya gagara shi ne ba ya zaɓe. Yana kama kusan kowane irin jatan lande da ake kiwo, yana kama ƙaguwa da sauran 'yan'uwansu masu ɓawo, na ruwan gishiri da na ruwan daɗi. Da yawa cikinsu suna ɗauke da shi ba tare da sun nuna alama ba. Saboda haka da zarar ya shiga gaɓar wata ƙasa ya sami mazauni a cikin dabbobin dawa, ba mai iya korarsa. Yakan kwanta shiru har sai ruwan sama mai yawa ya sauka, ko sanyi ya shigo, jikin jatan lande ya yi rauni, sa'an nan ya tashi. An dai gano masa lago guda: idan zafin ruwa ya kai digiri 32 ko 33 a ma'aunin Selshiyas, ƙwayar ba ta iya hayayyafa sosai. Wannan ya sa wasu masu kiwo suka riƙa rufe tafkunan reno da rumfar leda don riƙe zafi, wasu kuma suka daina zuba 'ya'ya a lokacin sanyi.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa farin tabo ba ya kama mutum. Ɓarnarsa a dukiya take.

Laifin ayaba

Labarin cutar Taura yana da ban mamaki ta wata fuska. A 1992 ne jatan lande ya fara mutuwa a gonakin da ke bakin kogin Taura, kusa da birnin Guwayakil na Ekwado, wutsiyarsa ta yi ja, ɓawonsa ya yi laushi, waɗanda suka tsira kuma su fito da baƙaƙen tabo a jiki. A saman kogin akwai manyan gonakin ayaba, inda ake fesa maganin wata cutar ganye. Masu tafki suka haƙiƙance feshin nan ne ruwa ke gangaro musu da shi, har magana ta kai gaban kotu. Ba a ga laifinsu ba, domin ga feshi ana yi a kan idonsu, ga dabbobinsu na mutuwa. Amma sai cutar ta ɓulla a wuraren da ba a noman ayaba ko kusa, ciki har da tsibirin Hawai. Zuwa 1995 masu bincike suka tabbatar bairos ce. Shekarun da aka yi ana jayayya kuwa, ana ta sayar da 'ya'ya da iyaye daga wannan ƙasa zuwa waccan, cutar na biye da su. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta kai Taiwan.

Haka kuma aka yi da wata bairos mai ruɓar da tsoka, wadda ta fito a arewa maso gabashin Barazil a 2002, sa'an nan a 2006 aka same ta a tsibirin Java na Indunusiya, can wani ɓangaren duniya dabam.

Bakteriya

Bairos baƙuwa ce da ake kawowa. Bakteriya kuwa, musamman dangin da masana ke kira Vibrio, 'yan gida ne a ruwan teku, ko'ina akwai su, ƙazantar tafki ce ke ba su ƙarfi. Akwai wata a cikinsu, Vibrio harveyi, mai ba da haske. Idan ta kama gidan ƙyanƙyasa, ma'aikaci ya kashe fitila da dare sai ya ga tankin yana wani irin ƙyalli kore-kore, 'ya'yan da suka kamu suna walƙiya kamar taurari. Abin sha'awa ne a ido, amma da safe gawarwaki za a kwashe. Ta yi wa gonakin tsibirin Negros na Filifin mugun lahani cikin shekarun 1990. Can ne ma wasu suka lura cewa ruwan da aka yi kiwon karfasa a ciki yana rage ƙarfin wannan bakteriya, sai suka riƙa haɗa kiwon biyu.

Tun da bakteriya tana jin magani, masu kiwo suka dinga zuba magungunan kashe ta a abinci da ruwa, da ciwo da babu ciwo. Sakamakon biyu ne. Na farko, bakteriyar ta saba, magani ya daina kama ta. Na biyu, ɓurɓushin maganin ya riƙa zama a cikin nama. A watan Janairu na 2002 Tarayyar Turai ta hana shigo da jatan lande da wasu kayan dabbobi daga Sin saboda an sami kuloramfenikol a ciki, maganin da aka haramta ba dabbobin da mutane ke ci. A wannan shekara kuma aka tsananta binciken kayan Tailan da Biyetnam. Watau mai tafki ya tsere wa cuta, ya faɗa hannun masu duba kaya a tashar jirgin ruwa.

Babbar annobar bakteriya ita ce wadda aka laƙaba wa suna mutuwar wuri, domin cikin kwana 30 zuwa 35 na farko bayan zuba 'ya'ya take kashe su. Ta fara a Sin a 2009, ta shiga Biyetnam a 2010, Maleshiya a 2011, Tailan a 2012, sa'an nan a 2013 ta ɓulla a Meziko. Idan aka buɗe wanda ya kamu sai a ga cikinsa wayam ba abinci, gaɓar nan da ke yi masa aikin hanta da narkar da abinci ta yi fari ta motse. Tailan, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya wajen sayar da jatan lande a kasuwar duniya, tana girbe wajen tan 600,000 a 2011, zuwa 2014 ba ta iya samun rabin haka ba.

Shekara huɗu aka yi ana laluben sanadi. Wasu suka ce maganin ƙwari ne, wasu suka ce gurɓataccen abinci ne, wasu suka ce iri ne ya lalace saboda auren zumunci a gidajen ƙyanƙyasa. Abin da ya rikita masu bincike shi ne, idan suka ɗauko matattun a daskare suka ba masu lafiya, ba abin da ke faruwa, saɓanin yadda aka saba gani da bairos. A 2013 ne Donald Lightner na Jami'ar Arizona, tare da ɗalibinsa Loc Tran ɗan Biyetnam, suka warware kullin. Sun yi aiki da sabbin samfurori da ba a daskarar ba, suka ciro bakteriya daga cikin jatan lande, suka rene ta, suka zuba wa masu lafiya, sai ga cutar ta fito. Ita dai jami'ar nan a tsakiyar hamada take, nesa da teku, amma ɗakin bincikenta ya daɗe yana cikin waɗanda duniya ke aika wa samfurin jatan lande mara lafiya.

Mai laifin ita ce Vibrio parahaemolyticus, bakteriyar da aka daɗe da sani, har wasu danginta kan sa wa mutum gudawa idan ya ci ɗanyen kayan teku. Bambancin wannan shi ne ta sami wani ɗan zobe na ƙwayoyin gado wanda ke sa ta fitar da dafi iri biyu masu aiki tare. Takan zauna a cikin jatan lande ta yi ta zubo dafin, shi kuma ya saɓule fatar cikin hantar. Zoben nan yana iya ƙaura daga wata bakteriya zuwa wata. An kuma lura da wani abu mai ɗaure kai: tafkin da aka wanke tas da kulorin aka kashe kome da kome, idan wannan bakteriya ta riga sauran shiga, sai ta sami fili ita kaɗai ta yi ta yaɗuwa. Saboda haka yanzu masu kiwo da yawa sukan bar ruwa ya nuna tukuna, ƙananan halittu marasa lahani su cika shi, kana su zuba 'ya'ya, suna kuma zuƙe lakar gindin tafki a kai a kai.

Abin da ya yi amfani

Tun da magani ya gaza, sai hankali ya koma kan iri. Da can daga teku ake kamo iyaye, ba wanda ya san abin da ke jikinsu. Daga ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Hawai suka fara ware mai farar ƙafa a killace, suna gwada shi zuriya bayan zuriya har suka sami irin da aka tabbatar ba ya ɗauke da sanannun cututtuka. Sa'an nan aka zaɓo waɗanda ke jure wa Taura aka haɗa su, har ta kai cutar ta daina zama abin fargaba kamar da. Wannan iri ne ya mamaye Asiya daga wajen 2000, ya ture baƙin mai ratsi daga matsayinsa. Aka kuma sami gwajin nan na PCR, wanda ke gano ƙwayar cuta a jikin 'ya'ya tun ba su nuna alama ba, don mai tafki ya san abin da zai saya.

Ekwado ta bi wata hanya dabam. Ta riƙe manyan tafkuna marasa cunkoso, ta kuma riƙa zaɓen iyaye daga cikin waɗanda suka sha cuta suka rayu. Sannu a hankali ta farfaɗo, har a 2022 ta fitar da fiye da tan miliyan 1 zuwa kasuwannin waje. Hausawa kan ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙwayar cuta na da laifi, amma tafkin da aka cusa wa abin da ya fi ƙarfinsa shi ya kira ta.

Sai dai duk waɗannan dabaru kuɗi suke ci. Shimfiɗa leda a gindin tafki, da ware tafkin tace ruwa, da raga ta hana tsuntsu, da shingen hana ƙaguwa, da kuɗin gwaji, babban kamfani ne ke iya ɗaukarsu cikin sauƙi. Ƙaramin mai kiwo a bakin kogin Mekong ko gaɓar Bangaladash, mai tafki ɗaya ko biyu, sau da yawa 'ya'ya masu araha yake saye a hannun ɗan kasuwa, ba takarda ba gwaji, kuma shi annoba ke fara kayarwa.

Afirka ta daɗe tana ganin abin daga nesa, har wasu na tallar ruwanta da cewa ba cuta. A 2011 farin tabo ya ɓulla a wata gona kusa da Kelimane a Mozambik, a 2012 kuma ya tsallaka Madagaska, wadda ta yi suna da kiwon baƙin mai ratsi mai tsada. A Nijeriya akasarin manyan jatan landen da ake fitarwa waje jiragen kamun kifi ne ke jawo su daga teku, kiwo bai yi nisa ba, ko da yake cikin shekarun 2010 an buɗe gona a yankin Badagry ta Jihar Legas. Duk wanda ke son faɗaɗa wannan sana'a a gaɓar Legas ko yankin Neja Delta, tambayar farko da ta kamata hukuma ta yi masa ita ce daga ina zai kawo iyaye da 'ya'ya, wa ya gwada su, a ina kuma za a killace su kafin su taɓa ruwan ƙasa. Farin tabo, da rawayan kai, da Taura, da mutuwar wuri, duk suna cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedkwata a Faris, ta wajabta wa ƙasashe su ba da rahoto idan sun ɓulla.

Ko ƙasa mai tsananin tsaron iyaka ba ta tsira ba. Ostareliya ta yi fiye da shekara ashirin tana kare gonakinta daga farin tabo, amma a ƙarshen 2016 ya bayyana a bakin kogin Logan a Jihar Kwinsland. Hukuma ta sa aka kashe duk abin da ke cikin tafkunan gonakin wurin, aka zuba kulorin, aka bar su a bushe, a watan Janairu na 2017 kuma aka dakatar da shigo da ɗanyen jatan lande daga waje na wani lokaci. Zaton da ya fi ƙarfi shi ne masu kamun kifi da ƙugiya ne suka riƙa sayen daskararren jatan lande na kanti suna yin koto da shi a kogin. Gonakin suka sake zuba 'ya'ya bayan an ƙara musu matakan tsaro, amma a 2020 cutar ta sake ɓulla a wasu daga cikinsu, an kuma same ta a jikin ƙaguwa da jatan landen dawa a mashigin tekun Moreton, inda kogin ke zuba.